Kafin ka sayi dijital, tambayi abin da zai yi ran da wuta da intanet suka ɗauke

Tun bayan da sojoji suka karɓe Wad Madani a ranar 11 ga Janairun 2025, mutanenmu na Haj Abdalla da ƙauyukan da ke kewaye suke ta komawa gida, kuma da yawansu abin da suka tarar bai wuce bango da rufi ba. An sayi katifa, an sayi tukwane, an gyara ƙofa. Yanzu an zo kan talabijin da akwatinta. Na san wani zai ce ana ta neman na abinci, wa yake ta talabijin? To amma duk wanda ya yi sama da shekara yana rayuwa a kan "an ce, an ce" ya san darajar ka zauna a ɗakinka ka ga labari da idonka. Saboda haka ban ɗauki sayen akwatin nan a matsayin almubazzaranci ba. Abin da ke damuna shi ne irin akwatin da ake tura wa mutane, da kuma dalilin da ya sa suke karɓa.

Mu nan "dijital" muke ce masa, wasu su ce risiba, 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi kuma su ce dikoda. Duk abu ɗaya ne: ɗan akwatin da ke tsakanin farantin da ke kan rufi, wato ɗabag, da gilashin talabijin. Ra'ayina a kansa gajere ne. Magidanci a Jazira ya sayi mai sauƙi, mai aiki da wutar batir ta volt 12, mai kama tashoshin kyauta, wanda kuma yake naɗar shiri a kan filasha ba tare da gardama ba. Duk wani ƙyale-ƙyalen da ke bayan wannan, ya bar wa masu kuɗin ɓatarwa.

Ka shiga kasuwar Madani ko ta Sinnar ka ce dijital kake nema, ka ji abin da mai shago zai fara faɗa maka. Ba zai yi maganar wuta ba, ba zai yi maganar naɗa ba. Cewa zai yi, "Ya Hajj, ɗauki wannan, tashoshi dubbai ne a ciki, kuma yana da saba, duk ƙwallon duniya zai buɗe maka kyauta." Sai ya jero maka sunaye, Starsat, Tiger, Qmax, Strong, da sauransu, kowanne da nau'o'insa masu arha da masu tsada. Ban ga laifinsa ba, kasuwa yake ci. Amma maganar tashoshi dubbai ɗin nan yaudarar lissafi ce. Adadin da aka rubuta a jikin kwali yawan sunayen da akwatin zai iya riƙewa ne a ƙwaƙwalwarsa. Abin da za ka gani kuwa farantinka ne ke yanke shi, da tauraron da ya fuskanta. Akwatin da ya fi kowanne tsada, in an haɗa shi da faranti ɗaya mai kallon Nilesat, tashoshin kyauta na Nilesat zai ba ka, daidai da na maƙwabcinka mai arha. Kuma tsakani da Allah, gida nawa ne ke kallon tashoshi sama da goma sha biyar? Tashar Sudan, Nil Azrak, Aljazeera, Alhadas, tashar Makka da ta Madina, ta yara guda biyu, ta wasannin kwaikwayo guda uku. An gama.

Maganar saba ita ce ta fi cin kuɗin mutane, don haka bari in tsaya a kanta. Tashoshin kuɗi irin na beIN a kulle suke, kuma makullin yana canzawa duk bayan 'yan daƙiƙu. Mai biyan kuɗi na halal, akwatinsa ne ke karɓar sabon makulli daga sama. Shi kuwa mai saba, hoton yana sauko masa ta faranti, amma makullin wani ne a wata ƙasa yake sato shi yana turo masa ta intanet. Ka ga ke nan akwatin yana da igiya biyu a wuya: dole a samu intanet ba yankewa, dole kuma wancan mutumin da ba ka san shi ba ya ci gaba da aikinsa. Ran da kamfani ya sauya tsarin kullensa, ko wa'adin saban ya ƙare, sai gilashi ya yi baƙi ƙirin, ka koma shago a ce maka ka kawo kuɗin sabuntawa. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Masu bin ƙwallo za su tuna beoutQ, wadda ta fito a 2017 tana satar hoton beIN fili, mutane suka yi ta rububin akwatinta, zuwa 2019 ta yi shiru kamar an shuka dusa.

Ita kuma intanet, mu ba sai an ba mu labari ba. A watan Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka ɗauke a kusan ko'ina cikin Sudan, kuma a Jazira abin ya daɗe. Mutane suka riƙa tafiya mai nisa suna neman inda aka kafa Starlink, a biya kuɗin awa guda don kawai a tura saƙo ga ɗan'uwa ko a karɓi kuɗi ta Bankak. A waɗannan watanni, duk akwatin da rayuwarsa ta rataya a kan intanet ya zama kayan ado. Amma tauraron ɗan'adam yana can nisan kusan kilomita 36,000 a sama, babu wanda ya isa ya yanke masa waya. Gidan da ya rage da faranti da ɗan batir, ya ci gaba da jin abin da duniya ke ciki. Ita kanta tashar gwamnati, da aka mamaye gininta na Omdurman a Afrilun 2023, ta koma watsa shiri daga Port Sudan, mutane kuma suka ci gaba da kama ta ta sama. Wannan darasi ne da muka biya da tsada, bai kamata mai shago ya mantar da mu shi da zancen ƙwallo ba.

Ba wai ba na son ƙwallo ba ne. Ƙasar da aka fara buga gasar cin kofin Afirka a cikinta a 1957, ta kuma ɗauki kofin a 1970, ba za a ce wa 'ya'yanta su daina kallo ba. Hilal da Marikh ma da yaƙi ya kore su, har Muritaniya suka je suka shiga gasar ƙasar a kakar 2024 zuwa 2025, magoya baya kuma suna biye da su. Abin da nake cewa, ƙwallo kayan taro ce. Mai gidan kallo ko kulob na unguwa ya sayi akwatin kamfani na asali, ya biya kuɗin wata, samari su haɗa masa kuɗin shiga. Ya fi a ce gida ashirin kowanne ya sayi akwatin sata, ana tsakiyar bugun fanareti hoto ya daskare.

Sai wuta. Muna zaune ƙasa da madatsar Sinnar da aka gama a 1925 da ta Rusairis da ke sama da ita, amma wanda ya ce maka zai samu kahraba dare da rana a ƙauyen Jazira, mafarki yake yi. Yawancin waɗanda suka samu hali sun koma sola. To a nan ne bambancin akwatuna yake fitowa. Akwai mai igiyar da ake sakawa kai tsaye a bango, mai neman volt 220, akwai kuma mai ɗan adafta a waje wanda ke ba shi volt 12. Na biyun nake nufi. Shi za ka iya jona shi kai tsaye da batirin sola, ba sai ka bi ta inbata ba, ita kuwa inbata kowa ya san tana shan nata kason kafin ta ba ka. Ƙaramin dijital bai cika wuce watt 10 zuwa 15 ba. Ka haɗa da talabijin mai inci 32 ta zamani, duka su biyun wajen watt 60. Batir mai amfiya 100, ko da rabinsa kawai ka yarda ka sha don kada ya mutu da wuri, zai riƙe su kusan awa goma. Akwai wata fa'idar kuma: in wuta ta dawo da ƙarfi ta yi ɓarna, galibi adaftar ce ke ƙonewa, ka sayi wata da ɗan kuɗi kaɗan. Wanda kayan wutarsa ke ciki kuwa, sai an kai shi wurin mai gyara, in ma ya gyaru.

Ka duba jikinsa ma. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, ga ƙurar habub. Ƙananan nan na roba da ake liƙawa a bayan talabijin suna da kyan gani, amma zafin talabijin da nasu yana haɗuwa, sai ka ga hoto yana tsayawa da tsakar rana. In da hali, a ɗauki mai jikin ƙarfe da ramukan shan iska, kuma a roƙi uwargida kada ta lulluɓe shi da kyallen ado.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko, wato naɗa. Mutane da yawa suna da akwatin da ke iya naɗar shiri, amma ba su taɓa gwadawa ba, ramin filashar ma ƙura ce ta cika shi. Ni kuwa a ganina, a garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, naɗa ta fi yawan tashoshi amfani nesa ba kusa ba. Manomi yana hawasha tun asuba, lokacin ban ruwa ma har dare yana bakin tur'a. Mata suna kan girki da ɗiban ruwa. Shirin da kake so ba zai jira ka ba, kai ma ba za ka bar gona don shi ba. Naɗa ce ke sulhunta ku.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa, wasu a kan hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar yake ɗauke da sunansa. Sama da shekara ɗari ke nan, Hausa ba ta mutu a bakinmu ba. Amma ka saurari yaran yanzu. Makaranta Larabci, kasuwa Larabci, zanen yara na talabijin Larabci, wasan kwaikwayo na Masar ko na Turkiyya da aka juya zuwa Larabcin Sham. Kaka ta yi wa jika magana da Hausa, ya ba ta amsa da Larabci. Ba na ƙin Larabci, harshen ƙasarmu ne kuma harshen addininmu. Amma yaro yana buƙatar ya ji Hausa daga bakin wani ba kakarsa kaɗai ba, ya ga ana labarai da ita, ana shari'a da ita a fim, ana barkwanci da ita, don ya san ba yaren tsofaffin gida ba ce kawai. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da shirye-shiryenta irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da finafinan Kano, sun yi wa gidajenmu wannan aiki fiye da duk wata nasiha da dattijo zai yi.

Matsalar ita ce ba kowane gida ke iya kama tashoshin Hausa ba. Kowane tauraro yana da yankin da yake haskawa, kuma hasken da aka nufa da Afirka ta Yamma ba lallai ya sauka da ƙarfi a bakin Nilu ba. Wani lokaci sai da babban faranti, wani lokaci tasha ta tashi daga wannan tauraro ta koma wancan, ko ta sauya lamba. To a nan filasha take aikinta. Gida ɗaya mai babban faranti ya naɗa, ko wani yaro ya sauko da shiri a waya ran da ya samu intanet, sai filasha ta zaga unguwa. Saboda haka akwatin da za ka saya dole ya iya abu biyu: ya naɗa, ya kuma kunna abin da aka kawo masa daga waje. Na sha ganin akwatin da zai nuna hoton fim amma babu murya, ko ya ce bai gane fayil ɗin ba. Shi ya sa duk wanda ya nemi shawarata nake ce masa ya tafi shago da filasharsa a aljihu, da fim biyu ko uku a ciki, a gwada a gabansa. Gani ya kori ji.

Ga wasu 'yan abubuwa da mai naɗa ya kamata ya sani. Awa guda ta tasha mai hoto na yau da kullum tana cin gigabait ɗaya da 'yan kai, mai hoton HD kuwa tana iya cin uku. Filasha mai gigabait 64 ke nan za ta ɗauki wajen awa arba'in na farkon, ko kusan ashirin na biyun. In an tsara filashar da tsarin FAT32, fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4, don haka akwatin kirki yakan yanka dogon shiri gida-gida da kansa, maras kirki kuma ya tsaya a tsakiya. Wanda ke karɓar NTFS ya huta da wannan. A kula da filashar jabu, wadda aka rubuta mata 128 alhali cikinta bai kai kwata ba; za ta nuna maka ta naɗa, ka zo kallo ka tarar babu komai. Araha ba ta ado. Babban faifai na hadis ya fi ɗaukar kaya, amma yana jan wuta daga jikin akwatin, kuma ƙananan akwatuna ba duka ke iya ɗaukar nauyinsa ba. In wuta ta ɗauke ana cikin naɗa, fayil yana iya lalacewa, wanda shi ma wani dalili ne na jona akwatin da batir.

Sai rikicin gida da kowa ya sani: maigida yana son labarai, uwargida tana son wasanta, lokaci ɗaya. Akwati mai tuna ɗaya, wato mai hanyar kamu guda, in yana naɗar wata tasha, ba zai bar ka ka kalli wata ba sai in suna kan mita ɗaya. Mai tuna biyu yana naɗar wannan kana kallon waccan, amma ya fi tsada, kuma don ya yi aikinsa sosai sai an sa wa faranti kai mai baki biyu an ja waya biyu. Gidan da ke da mata biyu da yara goma, wannan ƙarin kuɗi ya fi kuɗin saba amfani, domin zaman lafiya yake saya. Ƙaramin gida kuwa, mai tuna ɗaya ya wadatar, tunda yawancin tashoshi suna maimaita shiri da dare ko washegari, sai a saita ya naɗi maimaicin.

Wajen saitawar ne mutane ke faɗawa rami, saboda agogo. Tun ranar 1 ga Nuwamban 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa guda, muka koma awa biyu gaba da agogon GMT. Tsofaffin akwatuna da yawa har yanzu in ka zaɓi Khartoum sai su ba ka tsohon lokaci, wanda ya yi daidai da na Makka. Ka bar sunan gari, ka saita +2 da hannunka. Sannan ka riƙe lissafi: muna gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, shirin ƙarfe takwas a Kano ƙarfe tara ne a Haj Abdalla. Makka tana gabanmu da awa ɗaya. Masar kuwa tun 2023 ta dawo da sauya agogo lokacin bazara, rabin shekara muna tare, rabin shekara tana gaba. Akasarin ƙananan akwatuna ba su da batirin agogo a ciki, daga tashar da suke kai suke karɓar lokaci, kuma akwai tashoshin da agogonsu a karkace yake. Wanda bai lura ba zai saita naɗar tafsiri ya tarar da tallar man girki.

Game da faranti ba zan ja ba, masu haɗawa sun fi ni sani. Nilesat yana digiri 7 yamma, daga wajenmu sai an karkata faranti wajen faɗuwar rana. Arabsat, wanda ake ce wa Badar, yana digiri 26 gabas, kusan a saman kanmu, kuma Suhail na Ƙatar yana maƙwabtaka da shi, faranti ɗaya ke kama su. Tazarar da ke tsakanin Nilesat da Badar ta yi yawa, gara a sa faranti biyu a haɗa su da ɗan makunnin nan da ake kira daisak, wanda ke ɗaukar har huɗu. Kusan kowane akwati yana aiki da shi. Abin da za ka tabbatar kawai, akwatin ya zama mai DVB-S2, domin tsofaffin da ake kwancewa ana sayarwa da arha ba sa nuna tashoshin HD, tashoshi kuwa kullum can suke komawa. In kwalin ya ce yana karanta H.265, ya fi, zai daɗe bai tsufa ba. Ya kuma iya binciken tashoshi da kansa ba tare da an ba shi lamba ba, don kada duk ran da wata tasha ta yi ƙaura sai ka biya mai gyara. Da damina in hadari ya haɗu hoto zai yanke, wannan ba laifin akwati ba ne, babu kuma mai tsadar da zai hana. Faranti mai ɗan faɗi da aka ɗaure da kyau shi ke rage abin.

Masu 4K da masu Android fa? Gilashinka in ba 4K ba ne, kuɗin banza ka biya, kuma tashoshin kyauta masu wannan hoto ba su taka kara sun karya ba. Na Android kuwa waya ce babba ba tare da gilashi ba, daɗinta sai da intanet mai ƙarfi, tana jinkirin tashi, ga ta da rikitar da dattijo.

Samari za su ce duk wannan tsohon yayi ne, waya ta gama komai. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, ni ma a waya nake ganin abubuwa da yawa. Amma waya ta mutum ɗaya ce, kowa ya sunkuyar da kai a kusurwarsa, kuma kowane minti kuɗin data ne. Tashar kyauta kuwa sau ɗaya ake biya, ranar saye. Goggo da ba ta iya latsa waya ba, tana iya riƙe lamba uku a rimot. Don haka ma a duba rimot ɗin: maɓallansa su zama manya, kuma a tambayi mai shago ko ana samun irinsa a kasuwa, domin rimot ne ke fara mutuwa a gidan yara, kuma akwai akwatunan da ba su da ko maɓalli ɗaya a jikinsu.

In ka je saye, kada ka karɓi kwali a rufe. Ka ce, "Malam, jona mini shi." A sa filasharka, a naɗi minti biyar, a kunna ka gani da murya. A saita shi ya naɗi wani abu bayan minti goma, a zare wutarsa, a mayar, ka tsaya ka ga ko zai tuna da alƙawarin. In ya tuna, ka yi ciniki. In mai shago ya ce ba shi da lokacin wannan, shagon gaba yana buɗe.